Ɗan Zongo Bai Iya Ɗora Tukunya Ba? Gyara Daga Madafa Yake Farawa

A Kumasi, duk mai neman koko da ƙosai da safe, ko waakye da rana, ko tuwon zafi da miyar ayoyo, wurin matan Zongo yake nufa. Sunan waakye ma daga "wake" ya samo asali: shinkafa da wake ce da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja. Sai dai a gidaje da dama a Aboabo, Asawase da Sabon Zongo, yaran da suka tashi cikin ƙanshin wannan girki ba su iya shi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Uwa ta tafi Kejetia tun asuba, uba ya bi mota zuwa Techiman sarin doya ko Bawku ɗauko albasa. A miƙa wa yaro 'yan sidi, shi kuma ya nufi mai Indomie da ƙwai, ya kora da lemon kwalba. Yau haka, gobe haka, har harshensa ya saba da gishiri da zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali guda, na yaro kuwa ƙasa da haka. Yawan gishiri na kawo hawan jini, yawan zaƙi na kawo ƙiba da ke jawo ciwon suga.

Yaron da ya sa hannu a girki yakan ci abin da ya dafa, ko da ganye ne. Ɗan shekara 5 zai iya tsince wake da tsinke ayoyo. Ɗan shekara 8 ya wanke gero, ya daka daddawa da tafarnuwa, ya ga yadda suke rage buƙatar dunƙulen magi. Daga shekara 12 a bar shi ya kaɗa miyar kuka, babba na tsaye, musamman in kurfoti ne ko gas.

Kuma kada a ce aikin mata ne kawai. Namijin da zai tafi makarantar kwana ko fatauci Abidjan, in bai iya ba, cikinsa na hannun mai sayarwa.

Iyaye, ku ware yammacin Lahadi, lokacin da kasuwa ta lafa. Ku je cefane tare, ku bar yaro ya zaɓi kontomire da gauta da kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.