Itacen da Ake Yafa wa Buhu

Wanda ya je Kanada ko arewacin Amurka a watan Disamba zai ga abin mamaki. A ƙofar gidaje akwai ƙananan itatuwa a naɗe da buhun algarara, an ɗaure da igiya. Baƙo sai ya ce ai bargo ne aka ba su don su ji ɗumi. To, ba haka ba ne. Itace ba shi da zafin jiki irin namu, balle bargo ya tsare masa shi. Ƙishirwa ake kare su daga gare ta.

Ga yadda abin yake. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0, ruwan cikin ƙasa yakan daskare, saiwa ba ta iya shansa. Amma akwai itatuwan da ba su kaɗe ganye. Iska tana hurawa, rana tana dukansu, ruwa yana ta fita ta ganyen, ba mai mayar da shi. Kafin sanyi ya wuce ganyen ya ƙone ya yi ja, wani lokaci itacen ya mutu ɗungum. Waɗanda ke bakin titi kuma suna fama da gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara.

Mai lambu yakan fara da shayar da itacen sosai kafin ƙasa ta daskare, ya zuba busasshen ganye a gindinsa. Sa'an nan ya kafa turaku 3 ko 4 kewaye da shi, ya zagaya su da buhu, ya bar 'yar tazara don kada buhun ya jiƙe ya manne wa ganye. Akan bar saman a buɗe domin haske. Ba a amfani da leda, gama tana tara gumi, ta yi zafi da rana, da dare kuma gumin ya daskare. Buhu kuwa yana rage ƙarfin iska, amma bai hana ta shiga ba. Wajen Maris ko Afrilu sai a kwance, in aka makara itacen ya yi fumfuna.

Wannan buhu ba baƙonmu ba ne. Da zaren wani tsiro da aka fi nomawa a Indiya da Bangaladash ake saƙa shi, iri ɗaya daga cikinsa kuwa shi ne lalon da muke miya da shi.

Mu ƙasarmu ba ta daskarewa, amma hunturu yana shanye ganye kamar yadda yake fasa mana leɓe. Saboda haka, ɗalibin da ya dasa mangwaro da damina, kada ya yi zaton aiki ya ƙare. Kafin Disamba ya kewaye shi da zana ko tsohon buhu, musamman ta gabas da arewa inda iskar ke fitowa, ya riƙa ba shi ruwa. Rigakafi ya fi magani.