Yadda Ake Zaɓen Ƙotar Bindigar Harbin Nesa Mai Araha, Da Yadda Ake Ɗaura Ta

'Yan uwa mazauna Amurka, musamman waɗanda ke jihohi irin su Texas da Minnesota da Ohio, sun san cewa da zarar kaka ta kama, abokan aiki ba su da wata hira sai ta farautar barewa da zuwa filin koyon harbi. Wasu daga cikinmu sun shiga wannan harka, kuma galibi da bindiga mai sakata mai sauƙin kuɗi ake farawa, irin su Ruger American, ko Savage Axis, ko Howa 1500. Ƙarfen waɗannan bindigogi yana da kyau, amma inda kamfanoni suke rage kuɗi shi ne wajen ƙota, wato katako ko robar da ake dasa ƙarfen a cikinta, wadda mai harbi yake tokarawa a kafaɗa. Wannan bayani an yi shi ne don mai son canza ƙota ba tare da ya yi asarar kuɗinsa ba.

Maganar doka tukuna

Kafin a kai ga batun ƙota, wajibi ne kowa ya san matsayinsa. A dokar tarayyar Amurka, ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya mallakar bindiga idan babu wani laifi da ya hana su. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki, an hana shi riƙe bindiga, sai idan ya faɗa cikin 'yan keɓance-keɓancen da doka ta yi, kamar mallakar lasisin farauta na wata jiha wanda bai ƙare ba. Wanda kuwa ba shi da takardun zama, haramun ne a gare shi gaba ɗaya, kuma abin yana iya kai shi kurkuku da kora daga ƙasa. Kowace jiha kuma tana da nata ƙarin dokoki. A Ingila sai an sami takardar izini daga 'yan sanda.

Ita ƙota a karan kanta, dokar tarayya ba ta ɗauke ta a matsayin bindiga ba, don haka ana aiko ta har gida. Sai dai bisa dokar 1934 da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, bindigar kafaɗa irin wannan da bututunta bai kai inci 16 ba, ko tsawonta duka bai kai inci 26 ba, sai an yi mata rajista ta musamman. Saboda haka kada a yanke wani abu sai an auna.

Me ƙota take yi?

Masu harbin nesa suna auna kyan bindiga da yadda harsasai suke taruwa wuri ɗaya. Bindigar da ta tara harsasanta cikin faɗin inci ɗaya a nisan yadi 100, to a yadi 500 faɗin zai kai wajen inci biyar, a yadi 1,000 kuma wajen inci goma, kafin ma a sa lissafin iska. Wato ɗan kuskuren da ba a damu da shi ba a kusa, shi ne yake zama babba a nesa.

Duk lokacin da aka harba, bututun yana girgiza. Abin da ake so shi ne ya riƙa girgiza iri ɗaya a kowane harbi. To ƙotar roba mai araha tana lanƙwasawa. Idan aka ɗora gabanta a kan jakar yashi, ko aka sa mata ƙafafu biyu na tokara, sai ta taɓa bututun, yau ta wannan gefe, gobe ta wancan. Mai harbi sai ya ɗauka hannunsa ne, ko ya zargi harsashi, alhali laifin na ƙota ne.

Gwajin yana da sauƙi. A tabbatar babu harsashi a ciki, a zare sakatar, sannan a zura takardar dala ɗaya tsakanin bututu da ƙota, a ja ta har zuwa gindin bututun. Idan ta wuce ba tare da ta maƙale ba, madalla. Sai a sake gwadawa bayan an ɗora bindigar yadda ake harbi da ita. Idan a nan ta maƙale, an gano ciwon.

Ire-iren ƙota

Akwai ta katakon da aka yanka falle-falle aka manne da gam, wadda kamfanin Boyds na jihar Dakota ta Kudu ya shahara da ita. Ita ce mafi sauƙin kuɗi, tana da ƙarfi, kuma danshi bai cika murɗa ta kamar katako zalla ba, amma yawanci tana buƙatar ƙarin aiki kafin ta zauna daram.

Akwai ta zaren gilashi mai ƙashin alminiyom a ciki, kamar ta Bell and Carlson. Ba ta damu da ruwa ko sanyi ba, kuma ta dace da mafarauci.

Akwai kuma wadda aka gina a kan gangar alminiyom, ana ɗaura ƙarfen bindiga kai tsaye a kanta, irin su KRG Bravo da Oryx ta kamfanin MDT na Kanada. Amfaninta shi ne ana iya ƙara mata tsawo ko ɗaga wurin ɗora kunci, kuma tana karɓar gidan harsashi mai cirewa samfurin AICS. Aibinta nauyi, sannan wadda take ƙarfe tsirara tana daskarar da hannu a hunturun Minnesota.

Ƙotocin McMillan da Manners kuwa, kuɗinsu kan wuce na ita kanta bindigar mai araha. Mai farawa gara ya sa wannan kuɗi a madubin hange mai kyau da harsashin koyo.

Wanda zai yini yana taka daji ya nemi mara nauyi. Wanda a filin harbi zai zauna, nauyi taimakonsa yake yi, domin yana rage naushin da bindiga take yi wa kafaɗa.

Ta dace da ƙarfen

Nan ne aka fi yin asara. Kowace ƙota an sassaƙa ta ne don samfurin bindiga guda. Remington 700, wadda ta fito a 1962, ita ce aka fi yi wa ƙotoci, kuma Bergara B-14 ta bi tsarinta, don haka masu su suna da zaɓi da yawa. Sauran kuwa sai an kula.

Da farko a san ko gidan sakatar gajere ne ko dogo. Harsasai irin .308 Winchester da 6.5 Creedmoor na gajere ne, .30-06 kuma na dogo. Na biyu, a auna tazarar notuna biyun da suke riƙe ƙarfen. Alal misali, a gajerun bindigogin Savage akwai masu tazarar inci 4.275, akwai masu inci 4.4, kuma ƙotar ɗaya ba ta shiga ɗaya. Na uku, a duba kaurin bututu, domin mai kauri ba ya kwanciya a kwarin da aka yi don siriri. Na huɗu, a tambaya ko tsohon gidan harsashi zai yi aiki, ko sai an sayi sabo, don a sa shi cikin lissafi. Bahago kuma ya faɗa tun wajen oda.

Ta dace da mai ita

Manomi ya san fartanyar da ƙotarta ba ta dace da tsawonsa ba, bayansa ne zai biya. Haka abin yake a nan. Tazarar da ke tsakanin kunama da gindin bindiga a yawancin bindigogin kanti tana kusa da inci 13 da rabi. Wannan na iya yi wa dogo kaɗan, ya yi wa mace ko matashi yawa. A gwada da irin rigar sanyin da za a sa ranar farauta, domin kaurinta yana ƙara tazarar.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tudun kunci. A rufe ido, a ɗaga bindigar da babu harsashi zuwa kafaɗa, a kwantar da kunci a sake jiki, sannan a buɗe ido. Idan an ga cikin madubi tar, babu baƙin da'ira a gefe, ta zauna. Idan sai an ɗaga kai ana lalube, tudun ya yi ƙasa. Kuma a bar tazarar inci uku zuwa huɗu tsakanin ido da madubi, don kada naushin bindiga ya tsaga gira.

Ɗaurawa

A sake duba cewa babu harsashi, a fitar da shi ma daga ɗakin. A kwance notuna biyu, a ɗaga ƙarfen a hankali. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan ƙarfe da yake shiga rami a cikin ƙota, shi ne yake ɗaukar naushin harbi. A Tikka wannan ƙarfe a cikin ƙotar yake zaune, don haka kada a manta da shi. Bayan an sa ƙarfen a sabuwar ƙota, a ɗan kama notunan sako-sako, a tsayar da bindigar a kan gindinta don ƙarfen tokarar ya jingina da bangon raminsa na baya, sannan a ɗaure.

Kada a ɗaure da ƙiyasi. Akwai sukurudireba mai awon ƙarfi, kuma kowane kamfani yana rubuta awon da ƙotarsa take so. Alminiyom yana ɗaukar ɗauri fiye da katako, wanda yake lotsewa idan an matsa masa. Shi ya sa ake dasa wa ta katako 'yan bututun alminiyom a ramin notuna, a kuma shimfiɗa gam ɗin epoksi inda ƙarfen zai kwanta, ya ɗauki siffarsa daidai. Mai yin wannan aiki dole ya shafe ƙarfen da kakin zuma ko man takalmi mara launi, in ba haka ba zai manne ƙarfe da katako har abada. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyaran bindiga.

Bayan an gama, a tabbatar sakata tana shiga da fita ba tare da noti ya tare ta ba, makullin kariya yana aiki, kunama ba ta gogar komai, sannan a maimaita gwajin takardar dala.

Sai an gwada

Canza ƙota yana canza inda harsashi yake sauka, saboda haka dole a koma filin harbi a sake saiti. A harba biyar-biyar da irin harsashin da aka saba, a kwatanta da takardun da aka harba da tsohuwar ƙota. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai fita farauta a Nuwamba ya gama wannan aiki tun bazara. Kuma harbin yadi 800 na allon ƙarfe ne. A kan dabba, mutum ya tsaya a nisan da ya tabbata zai kayar da ita nan take, kada ya bar ta ta gudu da rauni.

A ƙarshe, gidajenmu gidajen yara ne da baƙi. Bindiga ta kwana a kulle cikin akwatin ƙarfe, harsashi a wani wuri dabam, makulli kuma a hannun mai ita kaɗai. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu.