Samanja, Karambana da Ladubban Zaman Gurup

Yau daga cikin birnin Zariya nake magana da ku, kuma tambayata ita ce: me ya sa wasannin kwaikwayon da iyayenmu suka kalla har yanzu suke sa mu dariya, amma wasan da muke yi a gurup na WhatsApp sau da yawa yake ƙarewa da rigima?

Mu fara da Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya riƙa fitowa a tashar NTA Kaduna. Shi tsohon soja ne na gaske, ya rasu a Nuwambar 2023, Allah ya jiƙansa. Abin dariyar a nan shi ne kowa ya san dokar bariki: akwai na sama, akwai na ƙasa. Samanja zai daka wa ƙananan sojoji tsawa, ya cakuɗa Hausa da Turancin buroka, amma da na gaba da shi ya bayyana sai ya ƙame. Wannan juyin ne ke kashe mutane da dariya.

Haka Karambana na marigayi Ƙasimu Yero, ɗan nan Zazzau da ya rasu a 2017. Sunan ma ya gama bayani: karambani, shiga sharo ba shanu. Kana dariya ne don ka san iyakar da aka tsallake, kuma ka san mai irin halin a layinku. Wato dai wasannin nan hali suke zolaya. Ba a kama sunan wani a tozarta shi, shi ya sa uba da 'ya'yansa ke zama su kalla tare ba mai sunkuyar da kai.

Barkwancinmu na gargajiya ma haka yake. Bazazzagi da Bakano, Bafulatani da Babarbare, jika da kaka, taubashi da taubashi. Kowa ya san wanda ya halatta ya tsokana. Idan Bakano ya zolaye ni a Babban Dodo, dariya zan yi in rama, don akwai wannan izinin tsakaninmu tun kaka da kakanni.

To gurup fa? Gurup ɗaya na WhatsApp na iya ɗaukar mutum har 1,024. A na unguwa ko na dangi akwai abokinka, akwai kawunka, akwai malamin da ya koya maka alif. Rubutu ba shi da fuska, ba shi da murya. Abin da ka rubuta kana murmushi, wani zai karanta shi yana cikin fushi. Shi ya sa nake ɗaukar gurup tamkar zauren gidan mutane. Ga abubuwa biyar da nake ganin ya kamata mu kiyaye.

Na ɗaya, san da wa kake wasa. Tsokanar da za ka yi wa abokinka a majalisa, kai masa ita shi kaɗai. A gaban mutum ɗari biyu sunanta cin fuska.

Na biyu, labarin rasuwa ko haɗari. Don Allah kar ka yi gaggawar zama na farko. Tabbatar an sanar da iyalai tukuna. Ba daidai ba ne uwa a Kwarbai ta ji mutuwar ɗanta daga hoton da ake ta turawa.

Na uku, tura saƙon da ba ka tantance ba. Kamfanin WhatsApp da kansa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda saboda jita-jita. In ba ka san tushensa ba, bar shi ya mutu a wayarka.

Na huɗu, amana. Ɗaukar hoton hirar da aka yi a gurup ka kai wani wuri, annamimanci ne aka sa wa sabuwar riga.

Na biyar, lokaci da data. Saƙon murya na minti bakwai ƙarfe ɗayan dare, haba ɗan'uwa! Rubuta layi biyu, ka jira gari ya waye.

Su kuma admin, ku ne masu gida. In gardama ta yi zafi, ku ja mutum gefe ku yi masa magana kafin ku kore shi. Magana zarar bunu ce. Ko ka goge saƙo, wanda ya karanta ya riga ya karanta, kuma gobe da shi za ku haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza.

Wane tsohon wasa ne ya fi ba ku dariya? Kuma wace ɗabi'a ce ta fi ƙona muku rai a gurup? Ina jiran ra'ayoyinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.