Yadda Sauro Ya Gagari Magani, Kuma Ya Rabu Gida Biyu

A cikin shekarar 1954 aka soma wani aikin gwaji na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin Lardin Sakkwato, wajejen Birnin Kebbi. Ma'aikata suka bi ɗaki ɗaki suna fesa magani a bango, har da wani mai ƙarfi da ake kira dieldrin. Da fari sauro ya yi ta mutuwa. Amma kafin ƙarshen 1955 sai aka tarar da sauron da yake sauka a bangon da aka fesa, ya tashi lafiya lau.

Mutane da yawa sukan ce sauro ya saba da maganin ne. Ba haka ba ne. Tun kafin a zo da feshi akwai 'yan ƙalilan daga cikinsu da suka gaji wata halitta wadda take kare su daga gubar. Feshi ya kashe sauran, su kuwa suka rage, suka hayayyafa. Da yake ƙwan sauro yakan zama babba cikin kamar kwana goma a lokacin zafi, ba a daɗe ba jikokinsu suka cika gari. Wannan tankaɗe da rairaya shi ne abin da Charles Darwin na Ingila ya bayyana a 1859, watau zaɓen da yanayi yake yi.

To, ta yaya wannan zai haifar da sabon jinsi? Amsar ma tana jikin sauron. Wani masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, wanda ya yi nazarin sauro a aikin Garki na shekarun 1970 (Garki tana Jihar Jigawa yanzu), ya daɗe yana nuna cewa sauron da ake kira Anopheles gambiae ba ɗaya ba ne, ko da yake ido ba ya iya rarrabe su. Wani ya fi son yin ƙwai a 'yan ruwan da damina take bari a sawun shanu, masu saurin ƙafewa. Ɗayan kuwa ya fi sabawa da ruwa mai daɗewa, irin na gonar shinkafa, inda tsutsarsa ta fi iya tsere wa ƙwarin da suke cinta. Mazajensu sukan taru da magariba domin barbara, amma a yawancin wurare ba safai ɓangarorin biyu suke cuɗanya ba. Da barbara ta yi wuya tsakaninsu, sai kowane ya kama hanyarsa. A 2013 masana suka ba na biyun suna nasa, Anopheles coluzzii.

Wannan ba zancen ɗakin karatu kaɗai ba ne. Jami'in da yake tsara madatsar ruwa domin noman rani ya kamata ya san cewa yana gina wa ɗaya daga cikin jinsunan nan biyu gida, inda zai iya ci gaba da hayayyafa bayan damina ta wuce.