Daga Abuja zuwa Auna: Wace mota ce za ta kai iyali gida lafiya?

Ga ma'aikacin tarayya ɗan asalin Auna, a ƙaramar hukumar Magama ta Jihar Neja, sauya tsohuwar mota ba maganar ƙawa ba ce. Hanyar gida ta Suleja, Minna, Tegina da Kontagora doguwa ce, ga ramuka, ga fargabar 'yan bindiga. Mutuwar mota a dajin nan, da mata da yara a ciki, ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, 'yan Kwatano suka yi tashin gwauron zabo. Don haka kuskuren zaɓi yana iya cinye tanadin shekaru.

Toyota Sienna tana ɗaukar mutum bakwai zuwa takwas da kayansu, sai dai cikinta kusa yake da ƙasa, injinta mai silinda shida kuma ba ya wasa da mai. Highlander ta fi ta tsayi, ta fi jure hanyar damina, amma kujerunta na can baya sai yara. Sharan kuwa kowane bakanike ya san ta, illa dai yawancinsu haya ta riga ta tsotse su.

Kafin a biya, a tantance takardun kwastam, a sa amintaccen bakanike ya duba inji da giya. Sannan a tambaya: in ta lalace ana gobe Sallah, za a samu kayan gyaranta a Kontagora, ko sai an aika Kaduna?