Abin da ke Cinye Kajin Gida

Daga Kazaure har Madarumfa, da wuya a shiga gidan ƙauye ba a tarar da kaji suna tono a tsakar gida ba. Yawancinsu na mata ne da yara. Su ne asusun uwargida: in yaro ya kwanta zazzaɓi, ko biki ya taso, ko baƙo ya yi sallama, sai a kama zakara ɗaya a kai kasuwa ko a sa masa wuƙa. Duk da wannan amfani, kazar Hausa ita ce dabbar da aka fi bari ta ji da kanta, kuma asarar da ake yi a kanta ta fi ƙarfin abin da masu ita ke lissafawa.

Asarar tana farawa tun daga gurbi. Kazar gida takan saka ƙwai goma zuwa goma sha biyar a jere, sannan ta shiga kwanci, kuma takan yi haka kamar sau uku a shekara. Wato abin da take sakawa a shekara bai cika wuce 30 zuwa 45 ba, alhali kazar gidan gona tana kusantar 300. Ke nan kowane ƙwai nata yana da daraja. In ba a tanadar mata wuri ba, ita za ta zaɓa: ƙarƙashin rumbu, bayan randa, cikin tarin kara, duk inda ta sami duhu da shiru. A irin waɗannan wuraren ne gafiya da maciji da kare ke riga mai kaza zuwa. Tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya da aka shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa, aka ajiye a lungu mai inuwa, ya wadatar. Masu kiwo da suka ƙware sukan bar mata ƙwai ɗaya a ciki kullum, domin in ta tarar da gurbin wayam tana iya sauya wuri.

Kwanci kwana 21 ne. A tsawon wannan lokaci kaza tana riƙe ƙwan da ɗumin jikinta, tana jujjuya su da baki sau da yawa a yini, ba ta tashi sai na ɗan lokaci don ta ci, ta sha, ta yi birgima a ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne tara mata ƙwai fiye da yadda fukafukanta za su rufe. Ƙaramar kaza takwas zuwa goma take iya ɗauka, sauran na gefe sanyi ke kama su, su zama baragurbi. Haka nan ƙwan da ya daɗe a ajiye, musamman a zafin bazara, ba ya ƙyanƙyasuwa da kyau, shi ya sa wasu mata ke yi wa sababbi alama da gawayi. Bayan mako ɗaya ana iya haska ƙwai da tocila a cikin duhu. Mai rai zai nuna jijiyoyi ja, wanda ba kome a cikinsa kuwa zai fito fes, sai a cire shi.

Matan karkara sun daɗe da gano cewa kaza ta fi zabuwa iya kwanci, don haka suke sa mata ƙwan zabi da damina. Shi yakan ɗauki kwana 26 zuwa 28, kuma tana haƙurin jiransa.

Ƙuma ma tana korar kaza daga kan ƙwanta. Maganinta mai sauƙi ne: a barbaɗa toka a gurbi, a ƙone tsohuwar ciyawar bayan kowace ƙyanƙyasa, a riƙa share akurki.

Ranar da kaza ta fito da 'yan tsaki goma, murna ake yi, amma a leƙo bayan wata biyu a ƙirga. Shirwa da shaho sun ɗauki nasu, muzuru ya ɗauki nasa, wani ya faɗa kwatami, wani raɓar asuba ta kashe shi. Makonni shida na farko su ne masu haɗari. Wanda ya kife su da babban kwando tare da uwarsu, yana ba su tsaki da dusa da gara, da ruwa a faranti marar zurfi, zai ga yawancinsu sun girma. Samun gara ba wuya: a cika tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri, washegari a kwashe.

Babban maƙiyi kuwa yana zuwa ne da hunturu. Kaji su yi jugum, fukafukai a sake, suna numfashi da baki a buɗe, kashinsu ya koma kore ko fari, wasu wuyansu ya murɗe. Cikin 'yan kwanaki sai akurki ya zama kango, daga wannan gida zuwa na maƙwabta. Likitocin dabbobi suna kiranta cutar Newcastle, da sunan garin Ingila inda aka fara bayyana ta wajen 1926. Ƙwayar da ke haddasa ta ba ta jin kafso. Ja-da-yalo da ake zubawa a ruwa, da barkono, da jiƙon ɓawon maɗaci, babu wanda ke kashe ta. Abin da ya fi muni shi ne al'adar garzayawa kasuwa da kajin da suka fara layi don a rage asara. Wanda ya saya da arha ya kai gida, ya sayo wa kajinsa ajali. Duk kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta, ya kamata a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Rigakafin cutar yana nan, kuma a gida ake yin sa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa nau'in da ake kira I-2, wanda masana a Ostireliya suka samar musamman don kajin ƙauye. Ya fi sauran jure zafi, ko da yake shi ma ba a barin sa a rana. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, babba da tsako, a maimaita duk wata huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, don haka ya fi dacewa matan unguwa su haɗa kuɗi a yi wa kajinsu rana ɗaya. Sharaɗinsa shi ne a yi wa lafiyayyun kaji, domin ba ya tayar da wadda ta riga ta kamu.

Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a jihar Kaduna, a watan kuma ta bayyana a Magarya cikin Nijar. Alamunta suna kama da na Newcastle, amma ita tana iya kama mutum. Saboda haka in kaji suka fara zubewa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada yara su taɓa su. A binne mushen da zurfi, a wanke hannu da sabulu, a sanar da malamin dabbobi mafi kusa.

Ga duk mai kaji a gida, lokacin neman ɗigon rigakafin Newcastle shi ne watan Oktoba, ana cikin kaka, tun iska ba ta juya ba.