Allon Da Ba A Ɓoye Sirrinsa Ba

Mai karatu, idan ka ga ƙaramin mutum-mutumi na ɗalibai yana gudu a kan taya ko yana ɗaga hannu, to a cikinsa akwai ɗan allon lantarki da bai wuce tafin hannu ba, shi ke ba da umarni. Wanda ya fi shahara shi ne Arduino, wanda Massimo Banzi da abokan aikinsa suka fito da shi a shekarar 2005 a garin Ibreya na ƙasar Italiya, bisa harsashin da wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, ya aza.

Abin da ya ɗaukaka wannan allo, a ganina, shi ne yadda maƙeransa suka baje zanensa a fili, kowa ya duba, ya kwaikwaya, ya gyara, har ma ya sayar.

Wanda ya zauna da zanen zai fahimci cewa allon ba ya da ƙarfin juya injin taya da kansa, domin wutar da yake fitarwa kaɗan ce. Sai an ɗora masa allo na biyu mai ɗauke da irin guntun nan L293D, wanda makunnai huɗu da ke cikinsa, a jere kamar harafin H, ke sauya wa wuta hanya, injin ya yi gaba ko baya. Shi kuwa injin da ke lanƙwasa hannu, wato sarbo, saƙo ake aika masa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma tsawon saƙon ne ke faɗa masa kusurwar da zai tsaya.

A watan Oktoban 2025 kamfanin Qualcomm na Amurka ya sanar da sayen Arduino, hankalin masu sha'awar abin ya tashi. Ni dai ban firgita ba, domin zanen da ya riga ya shiga hannun jama'a ba ya komawa akwati.

Damuwata tana gida. Ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejojin fasaha suna amfani da allon nan a aikin kammala karatu, amma wasu sukan biya a haɗa musu, su miƙa abin da ba su san cikinsa ba. Ina kira ga malamai da su riƙa cire waya ɗaya a gaban ɗalibi, su ce ya mayar da ita, ya kuma bayyana aikinta kafin a ba shi maki.

Allah Ya sa mu dace.